Yadda Ake Neman Sunan Manomi a Takardar Tallafin Korona

A watan Mayu na 2020, ana tsakiyar azumi, gwamnatin Jihar Bauchi ta kulle ƙananan hukumomi uku na tsawon kwana 10: Katagum da Giade da Zaki. Dalili shi ne yawan mace-macen da ake ta ba da labari a Azare, da kuma kusancin yankin da Kano da Jigawa, inda korona ta riga ta yi ƙarfi. Wanda bai san noma ba zai ce kwana 10 ba wani abu ba ne. Amma Mayu ƙarshen bazara ne, lokacin da manomi yake kai akuyarsa ko ragowar wakensa kasuwa, ya sayar, ya sayi taki da iri kafin ruwa ya sauka. In an rufe kasuwa, akuyar tana nan, waken yana nan, kuɗi ne babu. Ga kuma dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda a rubuce ta ƙyale motocin abinci da kayan gona su wuce, a kan hanya kuwa kowane shinge da tasa fassarar. Saboda haka babu musu a kan ko manomin Katagum ya cancanci tallafi a wannan shekarar. Ya cancanta, gwamnati ma ta yarda ya cancanta, har ta ware kuɗi masu yawa da sunansa.

Abin da ya rage a sani shi ne wa ya samu, me ya samu, nawa, kuma yaushe. An amsa waɗannan tambayoyi, amma a dunƙule. An faɗi jimlar kuɗi, an faɗi jimlar manoma. Jimla kuwa ba ta da ƙauye, ba ta da sunan uba. In aka ce manoma miliyan kaza sun amfana, mutumin Chinade ko Madara ba shi da hanyar da zai bi ya san ko yana cikinsu. Yana ma iya kasancewa a ciki bai sani ba, kuma wannan ya fi rashin samu hatsari, kamar yadda za a gani. Ko an rubuta sunan wuri ma ba a gama ba, domin Katagum uku ce: akwai masarauta, wadda aka mayar da fadarta Azare a 1916, akwai ƙaramar hukuma mai hedikwata a Azare, akwai kuma garin Katagum na asali, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Zaki. Rahoton da ya ce an kai taki Katagum bai gaya wa kowa inda zai je ya duba ba.

Sai a fara da rarrabe kayan, domin abubuwa uku ne daban-daban. Akwai kyauta, akwai rangwame, akwai rance. Kyauta ita ce wadda ake ba ka, ka yi godiya, magana ta ƙare. Rangwame shi ne ka biya da kuɗinka amma ƙasa da farashin kasuwa, gwamnati ta cike gurbin. Rance shi ne wanda ake ba ka, ka yi godiya, magana ta fara. A rediyo duka ukun tallafi ake ce musu, kuma yawancin rigimar da ta biyo baya daga nan ta taso.

A ɓangaren kyauta, a watan Afrilu na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnatin tarayya. Ma'aikatar jinƙai ta Sadiya Umar Farouq ta biya gidajen da ke rajistar marasa galihu naira 20,000, wato 5,000 na wata huɗu a haɗe. Gamayyar attajirai da bankuna ta CACOVID, wadda Aliko Dangote yake cikin jagororinta, ta ce za ta kashe naira biliyan 23 a kan kayan abinci. A ɗauki hatsin a auna da buhunmu na kilo 100: buhu 700,000 ke nan. Da za a raba wa ƙananan hukumomi 774 daidai wa daida, kowace za ta tashi da buhu 900 da 'yan kai. Ba haka aka raba ba, an fara da wuraren da aka fara kullewa, Legas da Ogun da Abuja. Amma lissafin yana nuna abu ɗaya: ko da kowace ƙwaya ta iso lafiya, yawancin gidaje ba za su gan ta ba. Wanda bai samu ba yana da bayani biyu a gabansa, ko dai kayan ne ba su kai ba, ko kuma an karkatar da rabonsa. Ba shi da abin da zai bambance su da shi, zuciya kuma ta fi saurin karɓar na biyun.

Rangwamen ya fi sauƙin bayani. A Disamba 2016 aka fara shirin taki na shugaban ƙasa, wanda ake shigo da sinadarin fosfet daga Maroko, a haɗa takin a masana'antun cikin gida, a sayar da buhun NPK a kan naira 5,500. A 2020 aka mayar da shi 5,000 saboda annoba, lokacin gwamnan Jigawa, Muhammad Badaru Abubakar, yana shugabantar kwamitin. Tallafin mai sayen buhu biyu ke nan naira 1,000, kuma a wannan watan dubu ɗaya kuɗi ce. Sai dai rangwame yana da sharaɗi guda, sai ka sami buhun a farashin da aka faɗa. In buhu ya bar masana'anta a matsayin na 5,000 ya isa hannun manomi a wani farashin, rangwamen bai ɓace ba, wani ne ya karɓa a hanya. Gwamnati ta biya, an rubuta an tallafa wa manomi, manomi ya biya cikakken kuɗi. Tsohuwar cuta ce. Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan noma, ya sha faɗi cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoma suke samun takin gwamnati. Shi ya sa a 2012 ya kawo tsarin da ake tura wa manomi saƙo a waya, ya je cibiya ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin yana da nasa matsalolin, ya kuma lafa bayan 2015 dillalan taki suna bin gwamnati bashi, amma ya tabbatar da cewa ana iya haɗa buhu da suna.

Babban kaso kuwa rance ne, kuma daga Babban Bankin Najeriya ya fito, zamanin Godwin Emefiele. A Maris 2020 bankin ya buɗe asusun naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, daga baya aka yi ta ƙara shi har ya ninka sau da yawa. Ta hannun bankin NIRSAL ake karɓa a lokacin. Magidanci yana iya neman har miliyan 3, kuɗin ruwa kashi 5 da farko, da sharaɗin zai koma 9. A gari ana ce masa kuɗin korona. Ba na manoma kaɗai ba ne, amma a ƙasar Katagum magidanci da manomi yawanci mutum ɗaya ne.

Ga yadda ake nema. A intanet ake cike fam. Manomin da wayarsa ta kira da tocila ce sai ya tafi shagon kwamfuta, ko ya sami wani yaro mai babbar waya, ya ba shi lambar BVN da lambar waya, wato duk abin da banki ya san shi da shi. Daga nan sai jira. A cikin jiran ne 'yan kamasho suka shigo, masu cewa sun san hanya, in ya fito a ba su kasonsu, kuma bankin da kansa ya sha gargaɗin jama'a a kansu. A ce an amince wa mutum da naira 500,000, mai hanya ya ɗauki 150,000. Abin da ya shiga aljihu 350,000, abin da yake littafin banki 500,000 da ruwa. Banki ba ya cire kamasho daga bashi. Wani kuma ya ba da lambobinsa, bai sake jin komai ba, ya ce Allah bai yi da rabonsa ba, ya ci gaba da nomansa. Shi ne wanda yake iya kasancewa cikin waɗanda suka amfana bai sani ba.

Hanyar da yake sani ita ce wannan. Daga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da yake ɗauke da BVN ɗin mai bashi, ko a wane banki yake. Sai wata rana ɗansa da yake aiki a Kano ya turo kuɗin taki, alat ɗin shiga ya zo, na fita ya biyo shi. Ya je wurin mai POS, a duba a ce masa babu komai. Wannan abu yana ci mini rai, domin mutumin da aka cire wa kuɗin yakan tafi gida da kunya, yana ganin shi ne ya yi wauta, alhali abin da ya yi kawai shi ne amsa kiran da aka yi a rediyo.

A nan ne bayanin ya tsaya da ƙafarsa. Tsarin da ya iya gano asusun mutum ɗaya cikin miliyoyi, bayan shekaru, ya cire abin da yake binsa, tsari ne da ya san sunan kowa, da abin da aka rubuta masa, da ranar da aka rubuta. Takardar sunaye tana nan. Ba ta ɓata ba, ruwa bai cinye ta ba. Ranar karɓar bashi ake buɗe ta.

Haka abin yake a shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. A shirin, ana haɗa manoma rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da maganin feshi, wani lokaci har da injin ban-ruwa, su biya da amfanin gona bayan girbi. Da korona ta zo, Babban Banki ya rage ruwan irin waɗannan basussuka daga kashi 9 zuwa 5, ya ƙara wa'adin shekara guda. Ƙorafin da aka fi ji daga manoma shi ne kaya suke gani, ba sa ganin farashin da aka rubuta wa kayan, alhali farashin shi ne bashin. Zuwa 2023 abin da aka fitar a shirin ya haura naira tiriliyan 1. A shekarar, Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari ne aka biya. Babban Banki ya mayar da martani ya ce kashi 52 ne na abin da wa'adinsa ya cika. Hukumomi biyu ne da lissafi ne sana'arsu, kuma tazarar da ke tsakanin maganganunsu ba ƙarama ba ce. Daga Azare babu yadda za a yi a san wanda ya fi kusa da gaskiya, domin ba a fitar da lissafin ƙauye-ƙauye ba. Abin da ya iso shi ne hukuncin, cewa manoma sun ci bashi sun ƙi biya. Akwai waɗanda suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, ba a musun wannan. Akwai waɗanda ambaliya ta cinye shinkafarsu. Akwai waɗanda suka biya har da ruwa. Akwai kuma waɗanda aka rubuta manoma, ba su taɓa riƙe fartanya ba. Jimla ta haɗa su duka ta kira su manoma.

Sai batun lokaci. Tallafi yana bin matakai: sanarwa, ƙaddamarwa, rajista, tantancewa, sannan rabo. Kowane mataki yana da amfaninsa, kuma kowane yana cin makonni. Gero ma yana da nasa matakan: shuka, noman firi, zuba taki, maimai, ciki, fitar da kai, girbi. Bambancin shi ne na gero ba a ɗage su. A watan Yuni na 2020 majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya tsara. A Yuli ministan noma Sabo Nanono ya ƙaddamar da ɓangaren noma na shirin, aka baza matasa suna ɗaukar sunayen manoma da lambar waya da girman gona. A Yuli geron Katagum ya riga ya tashi, lokacin zuba taki ke nan ko ma ya fara wucewa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES a Disamba 2020, dala miliyan 20 ga kowace jiha, ɓangaren noma ta hannun ofisoshin Fadama. A Disamba hatsi yana rumbu. Takin da ya iso bayan gero ya fitar da kai yana da hanya biyu, a ajiye shi don noman rani in mutum yana da fadama a bakin kogin Jama'are, ko a sayar. Manomin tudu da ya sayar da irin wannan takin ba almubazzari ba ne. Shi ya sa takardar rabo take bukatar kwanan wata, domin buhun Yuni da buhun Satumba nauyinsu ɗaya, amfaninsu ba ɗaya ba.

Shirin NG-CARES yana da wani tsari da ya dace a sani. Jiha ce take fara kashe kuɗinta, sannan masu tantancewa masu zaman kansu su bi su duba an yi abin da aka ce, sannan a biya ta. Mai tantancewa ba zai je gona ba sai an ba shi sunan mai gona da inda take. Wannan ma takarda ce, kuma tana nan.

Abin da rashin ganin takarda yake haifarwa an gan shi a Oktoba 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilorin da Kalaba da wasu garuruwan, suka kwashe kayan CACOVID. An rasa rayuka a turmutsutsu, an kuma haɗa da kayan mutanen da ba ruwansu. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa suka yi ba, wasu suna jiran cikon kaya ne, wasu suna tanadin dawowar annoba. Wataƙila wasunsu gaskiya suka faɗa, amma a ranar suka faɗa, bayan an fasa ƙofa. A Bauchi waɗanda suka je sun tarar da sito babu kaya, Gwamna Bala Mohammed ya ce an riga an raba. Da akwai takarda a ƙofar kowace sakatariya mai cewa tirela kaza ta iso ranar kaza, an kai buhu kaza mazaɓa kaza, da matashi bai bukaci fasa sito don ya san abin da ke ciki ba, da kuma jami'in da ya raba tsakani da Allah yana da shaida. Irin waɗannan jami'an suna nan, malaman gona da akawuna waɗanda ba su taɓa ko mudu ba, kuma su ma ana kallonsu da ido ɗaya da ɓarayi. Gani ya kori ji, amma sai an ba da abin gani.

Wasu ƙasashen ma sun ba manomansu tallafin korona. A Afrilu 2020 Amurka ta ware dala biliyan 16 don biyan manoma kai tsaye, ta sake ƙara wasu biliyoyin a Satumba. Ba a yi rabon da adalci ba: 'yan jarida sun nemi sunayen ta hanyar doka, suka lissafa, suka ga kashi 1 cikin ɗari na manyan masu karɓa sun kwashe sama da kashi 20 na kuɗin farko. Fitar da sunaye bai hana babba cin babban kaso ba, amma ya sa an san girman kason, an kuma sami abin da za a riƙe a yi gardama a majalisa. A Tarayyar Turai doka ce kowace ƙasa ta wallafa sunan mai karɓar tallafin noma da gundumarsa da adadin kuɗi a kowace shekara. Indiya ta fi kama da mu, ƙananan manoma ne birjik. Tana biyan su rupee 6,000 a shekara, kashi uku, kuma kowa yana iya shiga shafin shirin ya zaɓi jiha da gunduma da ƙauye ya ga sunayen. A Yuganda, bincike ya nuna tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari ne kawai na wani kuɗin makarantun firamare yake isa makarantun. Aka fara buga abin da aka tura a jaridu, ana liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da yake isa ya kai wajen kashi 80.

Ba sai an je nesa ba ma. Zamanin En'e, mai unguwa da dagaci da hakimi suna da sunan kowane baligi mai biyan haraji, ana ƙirga shanu saboda jangali, ana ba da rasit, kuɗi ya tafi baitulmali. Babu kwamfuta, kuma da wuya a manta da mutum. A yau hukumar zaɓe tana liƙa rajistar masu zaɓe a mazaɓu domin kowa ya duba sunansa ya yi ƙorafi, ranar zaɓe kuma a liƙa sakamako a rumfa. Ko a gidan biki, ana zaunar da yarinya mai kyan rubutu da littafi, duk wadda ta kawo gudummawa a rubuta sunanta da abin da ta kawo, kuma ba a taɓa jin an ce rubutun zargi ne ga uwar biki ba. Rabon da ya kai biliyoyi ya fi cancantar wannan littafin.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa in aka liƙa sunan mutum da adadin kuɗi, an nuna shi ga ɓarayi da masu garkuwa, an kuma tara masa 'yan uwa masu bukata a ƙofar gida. Suna cewa talakan da aka ba kwanon hatsi yana da haƙƙin sutura, bai kamata a yi shelar talaucinsa ba. Na yarda da batun sutura a kan kyautar abinci: a nan ya isa a faɗi adadin buhu da adadin gidaje a kowace unguwa, sunayen su zauna a hannun mai unguwa da liman da wakiliyar mata, wanda yake da ƙorafi ya je ya duba. Turawa ma sun yi wannan gardamar. A 2010 kotun Tarayyar Turai ta soke wani ɓangare na dokar wallafa sunaye bayan ƙarar wasu manoman Jamus, aka sake ta da gyara, yanzu wanda ya karɓi yuro 1,250 ko ƙasa da haka lamba ake sa masa a maimakon suna. Amma taki da injin ban-ruwa ba a ɓoye suke shiga gari ba, maƙwabta sun riga sun ga wanda ya shigo da su a amalanke. Abin da ba su gani ba shi ne sunan wanda aka rubuta ya karɓa. Rance kuwa hukuncinsa daban ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Mutumin da za a bi bashi da sunansa, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne ya ga abin da aka rubuta kafin ranar biya.

Takardar da ake magana ba mai wuyar haɗawa ba ce. Suna da sunan uba, ƙauye ko unguwa, abin da aka bayar da yawansa, farashin da aka rubuta masa, ranar da ya shiga hannu, sannan kalma ɗaya a ƙarshen layi: kyauta, ko rangwame, ko rance. Ba a sa lambar waya, ba a sa BVN. A sama a rubuta abin da aka turo wa mazaɓar gaba ɗaya, domin mai iya lissafi ya tara na ƙasa ya ga ko ya yi daidai da na sama. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a liƙa a ƙofar dagaci da sakatariya, a karanta da murya ranar kasuwa saboda wanda ba ya karatu. A yi haka sau biyu, kafin rabo domin a cire wanda ba ya noma, da bayan rabo domin wanda aka rubuta ya karɓa ya ce e ko a'a. Mata masu noman riɗi da gyaɗa da masu kiwon awaki a cikin gida su ne suka fi saurin faɗuwa daga jerin da aka haɗa a majalisar maza, kuma karantawa a fili ce take nuna gurbinsu.

Maganar ba ta wuce da korona ba, domin hanyar da tallafin ya bi ita ake bi har yanzu. A Agusta 2023, bayan cire tallafin mai, an ba da sanarwar naira biliyan 5 ga kowace jiha. A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa da rangwamen rabin kuɗi. A Maris 2024 Babban Banki, wanda a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya janye daga ba da rancen noma kai tsaye, ya miƙa wa ma'aikatar noma buhun taki miliyan 2.15. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da takardar fita da takardar karɓa.

Doka ta ba da hanyar neman su. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayu 2011, ta ba kowane mutum damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Ƙungiyar manoman ƙauye, ko reshen ƙungiyoyin manoma na AFAN ko RIFAN, ko ɗalibin kwalejin Aminu Saleh da ya iya tsara wasiƙa, kowa yana iya rubutawa. Wasiƙar ta ambaci shiri ɗaya, shekara ɗaya, mazaɓa ɗaya, ta nemi abin da aka turo da jerin waɗanda suka karɓa, domin tambaya mai faɗi ana amsa ta da jimla. A kai kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a riƙe shi. Daga ranar, ofis yana da kwana 7 ya ba da amsa ko ya rubuta dalilin ƙi. In ya ƙi, mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000 ce, jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta kuma ɗaurin da ba zai gaza shekara ɗaya ba.